Ƙasan ɗakinku daɓe ne, siminti ko tayil? Kowanne da irin gyaran da yake so

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Ana saura kwana biyu Sallah muka ɗaga ledar ɗakin kakarmu a Mandawari za mu sa sabuwa. Ɗakin nan kullum ana share shi ana gogewa, daga sama fes yake. Muna ɗagawa wari ya buge mu. Simintin ƙasa ya jiƙe, wani wajen ya zama gari, kyankyasai suka watse. Hajiya ta leƙo ta ce, "To, ashe shekara guda leda kuke wa wanka, ba ɗaki ba."

Gaskiya ta faɗa. A gidajenmu na cikin gari komai a ƙasa ake yi. Nan ake cin tuwo, nan ake shimfiɗa darduma, nan ake kwana lokacin zafi, nan jariri yake rarrafe yana kai hannu baki. Don haka gyaran ƙasan ɗaki ya wuce kwalliya, maganar lafiya ce.

Ga misali daga nesa. A shekarar 2000 jihar Coahuila ta ƙasar Meziko ta fara wani shiri mai suna Piso Firme, ana zuba wa talakawa siminti a ɗakunan da suke turɓaya. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa a gidan da aka mayar da ƙasansa siminti gaba ɗaya, tsutsar ciki a jikin ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa kuma da kashi 49. Dalili? Ƙasan da ake iya wankewa ba ya ɓoye ƙwan tsutsa da ƙazanta kamar turɓaya.

To amma a ƙaramar hukumar Gwale ba iri ɗaya ne ƙasan ɗakuna ba. In ka shiga lungunan Diso, Galadanci ko Gyaranya, a gida ɗaya za ka iya tarar da ɗaki mai tsohon daɓe, tsakar gida mai siminti, da ɗakin amarya mai tayil. Kuskuren da muke yi shi ne mu bi su duka da bokiti ɗaya da dabara ɗaya.

Mu fara da daɓe. Yaran yanzu da yawa ba su san yadda ake yin sa ba. Jar ƙasa da tsakuwa ake bazawa, mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Makubar ce take ƙara masa ƙarfi, ta rage masa shan ruwa, ta ba shi launin nan mai duhu. Daɓe ba ya son a kwarara masa ruwa, kuma tsintsiyar kwakwa tana kankare fuskarsa. Yayyafi kaɗan da tsintsiyar laushi sun ishe shi. Da zarar ya fara fashewa a cike wajen, domin ta nan tururuwa da gara suke samun hanya.

Sai siminti. Shi yana jure wanki, amma yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsar ruwa daga sama da kuma daga ƙasa. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa a Kano, danshi yana tasowa ta ƙarƙashi. Shi ne za ka ga wani farin abu kamar gishiri a gindin bango. In aka rufe irin wannan simintin da leda, danshin ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin simintin. Abin da ya sami ɗakin Hajiya ke nan. Maganinsa: a riƙa naɗe leda lokaci-lokaci, a buɗe ƙofa da taga, ƙasa ta sha iska ta bushe sarai kafin a mayar. A gidan ƙasa kuma kar a bar ruwan wanki ya kwanta a jikin bango, domin daga gindi ginin ƙasa yake fara lalacewa.

Tayil fa? Shi matsalarsa biyu ce. Ta farko yawan omo. Mutum ya zazzaga rabin leda a bokiti, ya goge, bai ɗauraye ba. Abin da ya bushe a kai shi yake kama ƙura, kuma da ruwa ya taɓa shi sai santsi. Tsohuwa mai fitowa alwalar asuba ita za ta biya kuɗin wannan gangancin. Ta biyu asid. Ana zuba shi don tayil ya yi ƙyalli, alhali yana cinye simintin da ke tsakanin tayil da tayil. Ruwa ya samu hanyar shiga, bayan 'yan watanni ka ji tayil yana ƙara in an taka, daga nan sai ɓallewa. Omo kaɗan, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, shi ke nan.

Yanzu maganar hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ka share da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a ƙasa. Ƙurar nan laushi gare ta ƙwarai. In ka bi ta da busasshiyar tsintsiya da ƙarfi, tashi take yi ta shiga hanci, in ka fita ta sake sauka. Mai asma ya san wannan. Ɗan yayyafin nan da iyayenmu mata suke yi kafin shara ba al'ada ce kawai ba, dabara ce. A kan tayil da leda kuwa, tsumma mai ɗan danshi ya fi tsintsiya.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tashi da rani. Don haka in kun ga kashin ɓera a bayan buhu ko ƙarƙashin gado, kar ku share shi a bushe. Ku jiƙa shi da ruwan bilic, ku sa leda a hannu ku kwashe, ku wanke hannu da sabulu.

Tunda an zo kan bilic, irin su Hypo da Jik, ku duba jikin kwalbar. In an rubuta 3.5%, cokalin cin abinci 2 a lita 1 na ruwa, wato kusan leda biyu ta fiya wata, ya isa goge ƙasa. In yaro ya yi kashi ko amai, sai a ƙara ƙarfi: awo 1 na bilic, awo 6 na ruwa. Amma a fara kwashe ƙazantar a wanke da sabulu, domin datti yana kashe ƙarfin bilic. A haɗa sabo kullum, na jiya ya riga ya yi rauni.

Wannan kuma don Allah ku isar wa na gida: kar a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai ko asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a rufaffen banɗaki tana iya kayar da mutum. Ba ƙarin tsafta ba ne, guba ce. Kuma kar a ɗura su a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

Kayan aikin ma suna son wanki. Mofar da aka jingine a jiƙe a lungu tun jiya, yau wari da ƙwayoyin cuta za ta shafa wa ɗaki. A wanke ta a shanya a rana. Ta banɗaki daban, ta ɗaki daban. Kafet da tabarma a fitar da su a kakkaɓe su sha rana. Takalmi ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda muka taso muka gani, domin abin da ya tako a lungu ba abin kai wa jariri ba ne.

Sharar da aka tara kuma kar a tura ta kwata. Lungunanmu matsattsu ne, kwata ɗaya gidaje da yawa suke amfani da ita. In ta toshe, ruwan Agusta ta zaure zai dawo mana da sharar har tsakar gida.

Samari, ban manta da ku ba. Ɗaga gado, naɗe kafet, cike fashewar siminti, duk ba sai an jira Umma ko ƙanwa ba. Ga aikin da zan ba mu: ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake tsaftar muhalli a Kano ba a fita da safe, kowa ya ɗaga kusurwa ɗaya ta ledar ɗakinsu ya leƙa. Abin da kuka gani ku zo ku ba mu labari.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.