Yadda Ake Saita Kwantak Na Tsohon Babur

A Zauro da sauran garuruwan fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, babur ya zama jakin manomi. Da shi ake kai taki gonar shinkafa. Da shi ake kai maras lafiya asibiti. Har yanzu akwai masu riƙe da tsofaffin babura masu hayaƙi, irin su Yamaha YB100 da Suzuki A100, waɗanda ke ƙona fetur tare da man inji. Yawan ƙin tashin da suke yi daga wani ɗan ƙaramin ƙarfe yake fitowa. Makanikai na kiran sa kwantak.

Sababbin babura irin su Bajaj Boxer ba su da kwantak. Wani ɗan akwatin lantarki ne ke ba su wuta. Wannan bayani na masu tsohon babur ne.

Menene aikin kwantak?

Idan aka cire murfin inji na gefen hagu, za a ga wani ƙarfe mai kama da kwano. Shi ne filawil, kuma akwai maganaɗiso a jikinsa. A bayansa kwantak yake. Baki biyu gare shi, suna haɗuwa suna rabuwa. A daidai lokacin da suka rabu ne fulogi ke ba da tartsatsi, fetur ya kama, ya tura fistin ƙasa.

A irin wannan inji, duk juyi ɗaya wuta ɗaya ce. In inji na juyi 5,000 a minti guda, kwantak ya buɗe sau 5,000 ke nan. Dole ya gaji. Yana da ɗan dunduniya da ke gogar cikin filawil. Ƙurar hunturu na cinye dunduniyar nan, sai ratar bakin ta ragu, wuta ta riƙa makara.

Ana son wuta ta zo kafin fistin ya ƙure sama da kamar milimita 2. In ta makara, babur ba ya da ƙarfi. Ga shan mai, ga nishi cikin rairayi ko da buhu ɗaya aka ɗora masa. In kuwa ta yi gaggawa, abin ya fi muni. Kik zai riƙa mayar wa mutum da ƙafa. Inji ya yi ta ƙwanƙwasa, ya ɗauki zafi, har kan fistin ya huje. Kuɗin fistin da sauke inji ya ninka na kwantak sau da yawa.

Mutane da dama kan ɗora wa kafireta laifi. Su yi ta wanke ta, su sayi sabon fulogi, ciwo kuwa yana nan.

Yadda ake aikin

A kashe makulli, a kafe babur a inuwa inda iska ba ta kawo ƙasa. A cire fulogi don inji ya juya da sauƙi. Filawil na da taga, ta nan ake hango kwantak, ba sai an cire shi ba.

Da farko a duba bakin. In ya yi baƙi ko ƙuraje, a goge da samfefa mai laushi. Sannan a zura farar takarda mai tsabta a ja, har ta daina fitowa da dauɗa. Ko ɗigon mai bai kamata ya zauna a wurin ba. Bakin da ya yi rami sosai ba ya gyaruwa, sai sabo. In sabon ma ya ƙone da wuri, a zargi kwandansa.

Sai a juya filawil da hannu har bakin ya buɗe iyakar buɗewarsa. A auna ratar. Ana son ta kasance milimita 0.3 zuwa 0.4. Makanikai na da ma'aunin rata. Wanda ba shi da shi ya haɗa reza uku irin ta aski mai baki biyu, don kaurin kowace kamar milimita 0.1 ne. Ya kamata su shige da ɗan ja kaɗan. A yi hankali da yatsa. In rata ba daidai take ba, a sassauta sukurun da ke riƙe da kwantak, a ɗan matsa shi da sukundireba, a ɗaure, a sake aunawa. Sau da yawa ɗaurin kan gusar da shi.

Nan ne wasu ke tsayawa, alhali saura lokacin wuta. A jikin filawil akwai layi, wani da harafin F kusa da shi. A jikin inji ma akwai alama. A sa siririyar takarda, irin ta cikin kwalin taba, tsakanin bakin kwantak yana rufe. A riƙe ta da ɗan ja. A juya filawil a hankali ta wajen da yake juyawa in babur na tafiya. Inda takarda ta kuɓuce, nan wuta ke fitowa. Ana son layin nan biyu su yi daidai a wannan lokaci.

In takarda ta kuɓuce tun layi bai iso ba, wuta ta yi gaggawa, a rage rata kaɗan. In layi ya wuce ba ta kuɓuce ba, ta makara, a ƙara rata. In sai an wuce 0.4 kafin layi ya daidaita, dunduniya ta cinye. A nemi sabon kwantak a Birnin Kebbi ko Argungu, a tafi da tsohon don a gwada.

Kafin a rufe, a ɗiga mai ɗigo ɗaya tak a ɗan audugar da ke shafa inda dunduniya ke bi. A jingina fulogi da jikin inji a buga kik. Shuɗiyar wuta mai kauri ake nema. Da damina, in babur ya ratsa ruwan fadama, a buɗe murfin a bar wurin ya bushe kafin a ajiye shi ya kwana.