Kuɗin Lakol da Nisan Hanya: Abin da Kasafin Yamai Ke Nufi ga Yaron Abzin

Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Timiya ko Iferwan ya san nisa ma kuɗi ne. Alli, littafi, buhun shinkafar ɗalibai, har malamin kansa, kafin su isa ƙauye cikin duwatsun Abzin farashinsu ya ninka. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su cika rabin miliyan ba. Saboda haka duk lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kan ilimin firamare, nan ne ake fara ji a jika.

Abin mamaki shi ne daga jihar nan aka haƙo kuɗin da suka gina makarantun Nijar masu yawa. A 1960 yaran da ke zuwa lakol ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akokan a 1978, baitulmali ya cika a zamanin Shugaba Seyni Kountché, aka gina azuzuwa, aka ɗauki malamai a matsayin cikakkun ma'aikatan gwamnati. Daɗin bai daɗe ba. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka zo da sharuɗɗan tsuke kashe kuɗi, har ta kai ga harbe ɗalibai uku masu zanga-zanga a Gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990. Aka karya darajar sefa a 1994, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A arewa kuma tawayen 1990 zuwa 1995 ya rufe makarantun karkara da dama.

Mafitar da aka samo ita ce malami mai araha. Daga 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi ta LOSEN, aka fara ɗaukar 'yan sa-kai, waɗanda suka koma malaman kwantiragi. Shirin shekara goma na PDDE da ya fara a 2003, da kuɗin yafe bashi da Shugaba Tandja Mamadou ya zuba a gina azuzuwa, sun buɗe ƙofa ga miliyoyin yara. A gaskiya an yi rawar gani: daga kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran ƙasa a shekarar 2000, masu shiga firamare suka haura kashi 70 cikin 100 a cikin shekaru goma sha biyar. Sai dai araha ba ta ado. Malaman kwantiragi sun zama mafi rinjaye a firamare, suna karɓar abin da bai wuce jika 75 da ɗoriya ba a wata, shi ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke iya karatu yadda ya kamata a ƙarshen firamare. Da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu makin wucewa.

Ni dai ban ga laifin malamin ba. Jika 75 a Yamai ma da ƙyar, balle a Dirku ko Bilma inda kusan komai sai mota ta ratsa hamadar Tenere da shi. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, saurayin da ke riƙe da alli yana ganin sa'o'insa suna dawowa da motoci. Shi ma ɗalibin da ya tasa yana gani. Me za a ce masa ya zauna?

Akwai kuma batun ciki. Makarantar makiyaya ba ta tsayuwa sai da tukunya. Iyayen da ke bin raƙuma da awaki wajen kiwo, ko masu haɗuwa a Ingal lokacin bikin gishiri, ba za su bar yaro a lakol ba sai sun tabbata zai ci ya kwana. Ciyarwar nan kuwa ta daɗe tana jingine da Hukumar Abinci ta Duniya da sauran masu ba da agaji. Ranar da abinci ya yanke, aji ya watse, ko da malami na nan.

Shugabanni sun san haka, shi ya sa alkawari bai taɓa yin ƙaranci ba. Mahamadou Issoufou ya ce zai ba ilimi kashi 25 cikin 100 na kasafi, Mohamed Bazoum ya ce kashi 22, tare da alkawarin kawar da azuzuwan zana kusan 36,000 bayan gobarar da ta ci yara a Yamai da Maradi a 2021. Amma abu biyu suna cinye ƙarin tun kafin ya isa aji. Na farko haihuwa: jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 duk shekara, don haka kasafi na iya hawa alhali rabon kowane yaro yana tsaye. Na biyu tsaro, wanda tun harin Agadas da Arlit na Mayun 2013 da na Diffa a 2015 yake ƙara cin kaso mai tsoka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, an zaftare kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100, masu ba da agaji da yawa kuma suka ja da baya.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa gundumomin jihar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai. Magadan gari sun sha kokawa kan jinkirin biyansu, COMINAK kuma ta rufe a Maris na 2021. Yanzu da gwamnati ta karɓe SOMAIR a 2025, babu sauran wanda za a ɗora wa laifi. A biya wannan kaso kan lokaci, a ba malamin da ya yarda ya zauna a yankin Kawar ko cikin Abzin alawus na nisa, kuma a sa tukunyar makarantun makiyaya cikin kasafin ƙasa.