Maltina ta gida: ina iyakarta da burukutu?

Ka taɓa tunanin haɗa irin Maltina a gida? To, wani ɓangare na sirrin yana nan Samaru. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanoni suka koma ga dawa, ciki har da SK5912, gajeriyar kaura ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru.

In ka jiƙa dawa ta yi tsiro, wasu sinadarai kan farka a cikinta. Da ka niƙa ka dama da ruwan ɗumi, su ne za su farfasa sitaci ya koma sukari. Daga nan zaƙin yake.

Amma fa ba kai kaɗai ke son sukarin nan ba. Ƙwayoyin yis na nan a iska da jikin tukunya. Ba su kwana biyu a zafin Zariya, sai su mai da shi barasa. Ta wannan hanyar ake samun burukutu a Sabon Gari.

Kamfani kan dumama kwalba bayan ya rufe ta, ƙwayoyin su mutu. Kai kuwa, tafasa shi sosai, sa a firij, shanye a ranar. In ka ga kumfa na tasowa da kanta, ya fara juyawa. Zubar kawai.