Kalmar «fasa»: ma'anarta da amfaninta a garuruwan uraniyom

Aikatau «fasa» yana nufin raba abu mai tauri ko mai ƙwarya ta hanyar duka: a fasa tukunya, ƙwai ko dutse. Ya bambanta da «karya», wanda ya keɓanta ga dogayen abubuwa kamar sanda da ƙashi. A karin harshen yamma, wanda ya yawaita a Nijar, ana furta shi «hwasa».

Bisa tsarin ajin aikatau da Parsons ya gabatar a 1960, «fasa» na aji na ɗaya ne. Daga saiwarsa ake samun «fashe» (aji na huɗu) da «fasu» (aji na bakwai), inda «s» ke komawa «sh» gaban «e» ko «i». Ninki kuwa, wato «farfasa», yana nuna maimaita aikin. Ma'anar ta faɗaɗa har zuwa «fashin baƙi», wato warware nassi kalma bayan kalma, da kuma «fasa ƙwauri».

A Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a 1971, da Akokan, inda COMINAK ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, Hausa na cikin harsunan da ke haɗa ma'aikata mabambanta asali. Matakan aikin suna da sunayensu a harshen: a fasa dutse da nakiya, a farfasa shi da inji, a niƙa shi, sannan a narkar da uraniyom ɗin da ke ciki da ruwan asid. Ke nan ba a bukatar aro daga Faransanci a wannan fage.

Matsalar tana ga rubutu. Akwai wani aikatau mai dogon wasalin farko, «faasa», ma'ana janye niyya, kuma ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali. Saboda haka «an fasa» yana iya nufin an tarwatsa dutsen, ko kuma an soke aikin. A bakin rami, wannan ruɗani yana iya jawo asarar rai.

Shawararmu ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci ita ce su koyar da kalmomin biyu a darasi ɗaya, tare da ninka wasali a matakin farko. A sanarwar kariya kuwa, a rubuta «an soke» ko «an ɗage» maimakon «faasa», a bar «fasa» ga dutse kaɗai.