Daga Azare Zuwa Awe: Iko Da Shari'a A Birnin Kano

Kullum 'yan siyasa suna gardama a kan inda ikon shugaba ya tsaya, ko Shugaban Ƙasa ko Gwamna, da kuma wanda ya isa ya tambaye shi. Mu a Kano mun ga wannan gardama da idonmu a ƙofar Gidan Rumfa.

Cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, wadda Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yake Firimiyanta, ta naɗa wani Bature, Mista Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Aka buɗe littattafan Baitulmali, aka kira ma'aikata suka ba da shaida. Cikin Maris 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare.

Nan fa baki ya rabu. Mutanen N.P.C. suka ce dukiyar talakawa amana ce, ko Sarki ba ya fi ƙarfin bincike. Masoyan Sarki suka ce sam, Kaduna ce ke son karya Kano, har suka kafa jam'iyyar K.P.P. Abin mamaki, N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano, wadda 'ya'yanta suka sha ɗauri a kotunan En'e, sai ga ta cikin ƙawance ɗaya da K.P.P. a zaɓen 1964.

Ran 9 ga Maris 2020 Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tuɓe jikansa, Muhammadu Sanusi na Biyu, aka kai shi Awe ta Jihar Nasarawa. Cikin 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce korar nan ta saɓa wa Tsarin Mulki. Cikin Mayu 2024 Majalisar Dokoki ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mai da shi gadon sarauta. Waɗanda suka yi shiru a 2020 suka ruga kotu, waɗanda suka yi kuka a lokacin suka ce ai doka ce ta yi aikinta.

To, jama'a, abin lura shi ne kowace jam'iyya tana yabon shari'a ran da take ƙasa, ta manta da ita ran da ta hau. Mu a ganinmu ma'auni ɗaya ne: shin an gaya wa mutum laifinsa, an ji ta bakinsa, an bar alƙali ya yanke hukunci ba da tsoro ba? In babu waɗannan, ko maƙiyinmu aka kayar bai kamata mu yi guɗa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku akawuna, ku tuna littafin da kuke rubutawa yau shi za a buɗe ran bincike, kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba. Ku kuma malaman makaranta, ku koya wa yara cewa kujera aro ce. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.