Daron mai awo a cikin rumbun bayanai

Da kaka a Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, mai awon da ya san aikinsa ba ya zuba gero kai tsaye cikin buhu in bai yarda da tulin ba. Daro yake ajiyewa a gefe, ya auna tiya biyar a ciki, ya cusa hannu ya juya. In ya ji tsakuwa ko danshi, sai ya mayar da na daron kan tuli, tiya ashirin da ke cikin buhu kuwa ba abin da ya same ta. Wanda ba shi da daro, buhun duka zai zazzage.

Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL da can ba ta da daro: kuskure ɗaya a tsakiyar aiki ya isa ya rushe aikin baki ɗaya. Siga ta 8.0, a 2005, ita ta kawo shi. A yaren PL/pgSQL, duk sashen da aka ɗaura wa EXCEPTION ƙaramin aiki ne a cikin babba. In ya lalace, shi kaɗai ake warwarewa. Sai dai akwai tarko: gero ya koma tuli, amma bakin mai awo ya riga ya ce "ashirin da biyar". Abin da aka rubuta a rumbu yana gogewa, lissafin da shirin ke riƙe da shi a ka ba ya komawa baya.

Masu yaren PL/Python ma suna da nasu tarkon. Mutum ya cire kuɗi daga asusu ɗaya, sakawa a na biyu ta ƙi, ya cafke kuskuren ya wuce abinsa, kuɗi sun fita ba su isa ko'ina ba. A 2011, siga ta 9.1 ta ba su plpy.subtransaction, don a haɗa matakan biyu a daro ɗaya.

Ni dai ban ga hikimar sa daro a kowace tiya ba. Daro 64 kawai manhajar ke iya riƙewa a kusa ga kowane aiki, in sun zarce sai ta riƙa leƙa wani kundi, tafiya ta yi nauyi. Kamfanin GitLab ya gamu da irin wannan cikas a 2021, har ya bi manhajarsa ya tsince su kaf.