Tsohuwar Kyamara a Cikin Kayan Gwanjo: Duba Ta Kafin Ka Sallama

Duk wanda ke sauke kayan gwanjo daga Turai, a Kwatano ne ko Lome ko Duwala, ya san ƙasan kwali ba ya rasa tarkace: rediyo, agogo, dutsen guga, wani lokacin har da wata 'yar kyamara ta ƙarfe mai nauyi a cikin jakar fata. Na sha ganin irinta a shimfiɗe a ƙasa tare da cajar waya, yaron shago na cewa "kawo abin da ka kawo." Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Shi ya sa yau nake so mu san wannan kyamara, musamman uwarsu duka, wato Leica.

Labarinta ya faro ne a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, a kamfanin Ernst Leitz mai ƙera madubin likita. A lokacin, kyamara akwati ce guda, da ƙafafu uku da baƙin ƙyalle, irin wadda iyayenmu suka sani wajen masu hoton bakin kasuwa. Wani ma'aikacin kamfanin, Oskar Barnack, yana fama da ciwon asma, ɗaukar wannan kaya na ba shi wahala. Wajen shekarar 1914 sai ya haɗa wata ƙarama da ke aiki da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, kowane hoto ya ci milimita 24 a tsaye, 36 a kwance. Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, sai a 1925 aka kai ta kasuwa, a bajekolin birnin Leipzig.

Matsalar ta farkon ita ce saiti. Mai hoto sai dai ya kintaci nisan da ke tsakaninsa da mutum, in ya kuskure hoto ya fito dishi-dishi. A 1932 aka fito da Leica II mai ma'aunin nisa a jikinta. Ga yadda yake aiki, gwada da kanka: miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan kamar ya yi tsalle. In ka matso da shi kusa da fuska, tsallen ya ƙaru. To haka kyamarar take: tana da tagogi biyu a gaba, da 'yar rata tsakaninsu, kowace na ganin abu daga kusurwarta. Wani ɗan madubi a ciki ke ɗora gani biyun a kan juna. In ka leƙa, sai ka ga mutum ya zama biyu a tsakiya. Kana murɗa zoben gilashin gaba, suna matsowa, har su haɗe su zama ɗaya. Shi ke nan, saiti ya yi, sai ka danna.

Wadda masana suka fi yabo ita ce Leica M3, da aka nuna a birnin Kolon a 1954. Harafin M daga kalmar Jamusanci ce mai nufin tagar leƙe mai auna nisa, domin taga ɗaya ce ke nuna maka hoton, ita ce kuma ke yin saitin. Ana ɗaura mata gilashi da 'yar murɗa ɗaya, ba sai an yi ta juyawa kamar noti ba. Wasu fararen layuka na fitowa a cikin tagar su nuna maka iyakar hoto, gwargwadon gilashin da ka sa: na milimita 50, ko 90, ko 135. Ba ta da batir ko ɗaya, giya ce da waya kamar agogon wani. Labulenta na yadi ne, yana iya buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ƙararsa kuwa ƙasa-ƙasa, shi ya sa 'yan jarida suka so ta. An ƙera sama da 220,000 kafin a daina a 1966. Kafin nan kasuwa ta fara juyawa, tun da Nikon F ta Japan ta fito a 1959, wadda ke nuna maka abu ta cikin gilashin gaban kai tsaye.

Yanzu ga inda ɗan kasuwa zai buɗe ido. A 2022 an yi gwanjon wata Leica ta gwaji ta 1923, wadda Barnack ya riƙe da kansa, a kan Yuro miliyan 14.4. Ba ina cewa irinta za ta faɗo cikin kwalinka ba, Alhaji. Amma M3 mai lafiya har gobe tana da masu nema da kuɗi mai kauri, domin matasa a Turai da Asiya sun koma ɗaukar hoto da fim.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayi Leica II: FED a birnin Kharkiv tun 1934, Zorki kuma a kusa da Masko tun 1948. Daga baya 'yan damfara suka riƙa goge sunan, su zana Leica, har su yi mata ruwan zinare. Abu biyu nake dubawa. Na farko, cire gilashin gaba ka leƙa ciki ta sama: 'yar sandar ma'aunin nisa ta Leica tana da ƙaramar taya mai juyawa a bakinta, ta Sobiyet kuwa ɗan ƙarfe ne kawai mai tsini. Na biyu, in ka ga tana ta walƙiyar zinare da tambarin soja, yi hattara. Su ma FED da Zorki na gaskiya suna da kasuwarsu, haka Canonet da Yashica Electro 35 na Japan, kuɗinsu ne dai bai kai ba. Ka sayar da kowace da sunanta, ciniki ya yi albarka.

In ta shigo hannunka, kada ka ɗiga mata mai, kada ka kai wa mai gyaran waya ya kwance. Kada ka bar gilashinta a buɗe yana kallon rana, domin yana tattara zafi ya ƙona labulen. Mu da ke garuruwan bakin teku, laima ce abokiyar gaba: tana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi. A fitar da ita daga jakar fatar, a ajiye a wuri busasshe. Masu zama a arewa kuma, ƙurar hunturu za su tsare.

Hajiya, ke ma duba akwatin tsoho. Alhazai da ma'aikatan da suka yi tafiye-tafiye a da sun shigo da irin waɗannan da yawa. In kin samu, kada ki yi saurin buɗe ta. Wataƙila akwai fim a ciki da ba a wanke ba, haske na taɓa shi kuwa, hotunan sun tafi ke nan. A kai wa tsohon mai hoto ya naɗe shi tukuna, a wanke, a ga su wane ne a ciki.